Kafin ka ba da labarin Raccoon City, ka san daga bakin wa ka ji

Raccoon City ba ta cikin taswirar kowace ƙasa. Kamfanin Capcom da ke Osaka a ƙasar Japan ne ya ƙage ta, ya fara kawo sunanta a gem ɗin Resident Evil na 1996, daga nan ya yi ta ƙara mata tituna da asibiti da ofishin 'yan sanda da magajin gari, har ta tara tarihin da ake zama a yi musu a kansa. Wani sai ya ɗauka tunda ƙagaggen gari ne, kowa na iya faɗin abin da ya zo bakinsa. To ba haka abin yake ba. Akwai abin da masu gem ɗin suka rubuta da hannunsu, akwai abin da wasu suka ɗora daga baya, akwai kuma wanda aka ƙirƙira shekaranjiya a TikTok. Wanda zai tara mutane ya ba su labari, tilas ya iya rarrabe ukun nan.

Abin da ya sa na damu shi ne, ƙannenmu da yawa yanzu sun shiga harkar ba da labarin gem da Hausa, wasu da murya a YouTube, wasu da rubutu a Facebook da WhatsApp. Abin yana faranta mini rai ƙwarai. Mu da muka taso muna buga PS2 a shago, kana jiran layi kana fatan kada a ɗauke wuta kafin a zo kanka, ba mu sami mai yi mana bayani da harshenmu ba. Rubutu ya fito a allo, sai a danna a wuce a kama harbi. Amma ka sani, wanda ya saurare ka da Hausa da wuya ya je ya duba da kansa. Abin da ka faɗa shi zai riƙe, shi zai kai gaba. Shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa hanyar da nake bi kafin in yarda da wani bayani a kan garin nan. Da Raccoon zan yi misali don ita na fi sani, amma hanyar za ta yi maka aiki a Los Santos ko Silent Hill ko duk garin da ka sa gaba.

A wace Raccoon abin ya faru?

Wannan ce tambayar farko, domin Raccoon ba ɗaya ba ce. Yawancin mutanenmu ta fim suka san ta. Fim ɗin farko ya fito a 2002, da jarumarsa Alice da katafaren ɗakin gwaje-gwaje na ƙarƙashin ƙasa da ake kira Hive. A gem babu wata Alice, ko sau ɗaya ba ta taɓa fitowa ba. Fim na biyu, na 2004, a Toronto ta ƙasar Kanada aka ɗauke shi, saboda haka dogayen benayen da ka gani na Toronto ne. A cikinsa Umbrella, kamfanin magungunan da ƙwayar cutarsa ta mayar da mutanen garin zombi, ita ce ta harba makamin da ya shafe garin, sannan ta ce wa duniya tashar nukiliya ce ta fashe. A gem kuwa gwamnatin Amurka ce ta yanke hukuncin. Labaran da ake karantawa a ƙarshen Resident Evil 3 na 1999 sun ambaci shugaban ƙasa da majalisa, sun ce mamatan sun haura 100,000, ranar kuma 1 ga Oktoba 1998 ce. A fina-finan cutar ta ci gaba har ta cinye duniya. A gem duniya tana nan daram, Umbrella ce ta durƙushe, kamar yadda Leon, ɗan sandan da ya tsira daga garin, ya bayyana a buɗewar Resident Evil 4: gwamnati ta dakatar da harkokin kamfanin, hannun jarinsa ya faɗi warwas.

Ka ga ke nan in ka ce "Umbrella ta jefa wa garin bam", ka faɗi gaskiyar fim, ka yi wa gem ƙarya.

Sauran rassan ma haka suke. Fim ɗin 2021 ya cusa labarin gem na ɗaya da na biyu cikin dare guda, alhali a gem wata biyu ne tsakaninsu, na farko a Yuli, na biyu a ƙarshen Satumba. Littattafan da marubuciya S. D. Perry ta rubuta sun bi gem a wasu wurare, sun kama gabansu a wasu. Akwai ma gem ɗin da Capcom ta fitar da kanta a 2012, Operation Raccoon City, wanda aka gina shi a kan "da a ce", har ana iya kashe Leon a ciki. Tambarin kamfani a jikin kwali bai isa ya sa ka ɗauki labarinsa ka zuba a babban zaren ba. Waɗanda ke tafiya a zare ɗaya da gem su ne fina-finan zanen kwamfuta, irin Degeneration na 2008 da Vendetta na 2017.

Wani lokaci abu yakan tsallako daga wannan reshe zuwa wancan. Kwamfutar nan Red Queen a fim aka fara ganinta, daga baya Capcom ta ɗauko sunan ta sa a Umbrella Chronicles na 2007. Don haka kada ka yanke cewa duk abin da ke fim babu shi a gem. Ka duba kowane abu shi kaɗai.

Ko ka tsaya a gem zalla, da sauran aiki, don manyan wasannin ukun farko duk an sake gina su daga tushe: na ɗaya a 2002, na biyu a 2019, na uku a 2020. Ba hoto kaɗai aka gyara ba, labarin ma an taɓa shi. Lisa Trevor, baiwar Allahn nan da ke jan sarƙa a dajin Arklay, babu ita a gem ɗin 1996, a zubin 2002 aka shigo da ita. Gidan marayun da Sherry, ƙaramar yarinyar da ke gem na biyu, ke ɓuya a ciki na 2019 ne. Brad Vickers, matuƙin jirgin S.T.A.R.S., rundunar musamman ta 'yan sandan garin, a 1999 dodon nan Nemesis ne ya kashe shi a ƙofar ofishin 'yan sanda a gaban idon Jill, jarumar gem na uku, a 2020 kuwa zombi ne suka cije shi a wata mashaya tun farkon wasa. Hasumiyar agogo da aka sha wuya a cikinta a tsohon, a sabon daga waje kawai za ka gan ta, lambun shaƙatawa kuma an cire shi gaba ɗaya. Ba sai ka zaɓi ɗaya ka ƙaryata ɗaya ba. Ka dai riƙa faɗin shekara. "A na 1999" kalma uku ce, ba za ta ci maka lokaci ba.

Takardar ta gaskiya ce, amma wa ya rubuta ta?

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne har waɗanda suka buga gem ɗin da hannunsu suke zamewa.

Tarihin Raccoon ba a jere aka ba da shi ba. A warwatse yake cikin takardun da kake tsinta a kan tebur da cikin durowa da gefen gawa: wasiƙu, rahotanni, yankin jarida, littafin da wani ke rubuta abin da ya same shi kullum. Mutum ya tsinci takarda a cikin gem sai ya ce shi ke nan, magana ta ƙare, ai daga Capcom take. Daga Capcom take, gaskiya ne. Amma Capcom a bakin wani ɗan garin ta sa maganar, kuma ɗan garin nan yana da abin da yake so, yana da abin da yake tsoro, yana da abin da bai sani ba.

Ɗauki ƙasidar jagorar baƙi da ke cikin tsohon Resident Evil 3, mai ɗauke da sa hannun magajin gari Michael Warren. A ciki yana cewa Raccoon gari ne na zaman lafiya da son juna albarkacin alherin Umbrella, da gudummawar kamfanin aka yi ayyukan jin daɗin jama'a. Ya ce 1992 ita ce shekararsa ta biyar a kan kujera, a shekarar aka sabunta ginin hukumar gari aka gina asibiti na zamani, aka kuma karrama shi da mutum-mutumi. Ya ce ya zo garin yana injiniya sama da shekara 35 da suka wuce, ya sa hannu a aikin wutar lantarki da na taragon cikin gari.

Yanzu ka zauna ka tsefe ta. Me za ka iya ɗauka kai tsaye? Sunansa da muƙaminsa. Mutum-mutumin, don da idonka ka gan shi a harabar hukumar gari, shi ne mai riƙe da littafin tagulla, wanda in ka kawo masa kamfas sai ya juya ya ba ka batir. Taragon ma haka, shi Jill ta yi ta fafutukar nemo wa mai da fis da waya. Asibitin kuma Carlos, abokin tafiyarta, ya shiga cikinsa neman maganin da zai ceci Jill. Waɗannan gani ya kori ji. Me kuma za ka ajiye gefe? Zancen zaman lafiya da alherin Umbrella. Takardar nan daidai take da allon da ɗan siyasa ke kafawa a bakin titi yana lissafo ayyukansa: titin yana nan, rijiyar tana nan, amma ba a jikin allon za ka karanta inda kuɗin ya fito ba. Abin da takardar ke tabbatarwa ba kirkin Umbrella ba ne. Tana tabbatar da cewa kuɗin Umbrella ya shiga ko'ina a garin, har ofishin magajin gari, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai lissafi. In 1992 ce shekararsa ta biyar, to ya hau a 1987 ko 1988, ya danganta da yadda ka ƙirga. Takardar ba ta faɗi ɗaya daga ciki ba. In ka ga an rubuta shekara ɗaya gaba gaɗi a wani wuri, ka nemi inda aka samo ta. Haka zancen shekara 35: babu kwanan wata a jikin ƙasidar, amma tunda ta ambaci 1992 kuma garin ya ƙare a 1998, zuwansa ba zai gota 1963 ba. Wannan lissafinka ne, kuma lissafi ne mai kyau. In za ka faɗa, ka ce "in aka lissafa", kada ka ce "gem ya ce".

Ƙasidar masu yawon buɗe ido ta zubin 2019 ita ma irin wannan ce. Ita ce ke gaya maka ofishin 'yan sandan a da gidan baje kolin zane-zane da sassaƙe ne, abin da ya bayyana dalilin gumakan da suka cika shi. Wannan ka karɓa. A ƙasan shafin kuma tana yabon gidan marayun da Umbrella ta gina, tana zancen kyawun tagarsa mai gilashi kala-kala. Sai ka shiga ciki ka karanta sauran takardu ka gane gwaji ake yi da yaran.

To yaya za ka gane maganar da ta tsaya da ƙafarta? Ka nemi shaida ta biyu wadda ba ta haɗa baki da ta farko ba. Batun cin hancin shugaban 'yan sanda Brian Irons misali ne mai kyau. A tsohon Resident Evil 2 akwai wasiƙun William Birkin, masanin Umbrella kuma mahaifin Sherry, zuwa gare shi, inda ya ce ya zuba masa dala 10,000 a asusu kamar yadda suka yi yarjejeniya. Akwai kuma rahoton masu binciken tarayya da aka turo wa Chris Redfield na S.T.A.R.S., wanda ya ce Irons ya yi shekaru yana karɓar kuɗin Umbrella. Ga ɗan jarida Ben Bertolucci shi ma da nasa binciken. Mai bayarwa ya faɗa, mai bincike ya faɗa, ɗan jarida ya faɗa. Wannan ka faɗe shi ba tare da wani "wai" ba.

Amma a cikin rahoton nan na tarayya akwai layin da ke cewa har yanzu ba a tabbatar akwai ƙwayar cutar G ba, wato wadda Birkin ke haɗawa. Masu rahoton ba ƙarya suka yi ba, iyakar saninsu ke nan a ranar da suka rubuta. Kai kuma 'yan awoyi kaɗan bayan ka karanta za ka yi arba da Birkin da ƙaton ido a kafaɗarsa. Haka littafin mai kula da dabbobin gwajin Umbrella a gem na farko: ya rubuta cewa ranar 11 ga Mayu 1998 da asuba abokin aikinsa ya tashe shi sanye da rigar kariya, ya ce an yi hatsari a ɗakin gwaji na ƙasa. Shi hatsari aka gaya masa, hatsari ya rubuta. Sai a Resident Evil Zero na 2002 aka ji daga bakin James Marcus, tsohon masanin Umbrella, cewa da gangan ya saki cutar don ramuwar gayya. Duk takardar da ka ɗauka, ka duba ranarta, ka tambayi kanka abin da mai ita zai iya sani a wannan ranar.

Har abubuwan da Capcom ta fitar a wajen gem ba su kuɓuta daga wannan tambaya ba. Wesker's Report na 2001 ya cike giɓi da dama a labarin, amma daga farko har ƙarshe muryar Albert Wesker ce, shugaban S.T.A.R.S. da ya ci amanar rundunarsa. Ka yi amfani da shi, ka kuma ce "a faɗar Wesker".

Akwai kuma inda gem ɗin kansa ya rabu biyu. A na farko, in ka ɗauki Chris da Rebecca za ka yi tafiya, in ka ɗauki Jill kuma da Barry. Babu ƙarshen da ya nuna su huɗun a jirgi ɗaya. Wanda ya buga ɓangare guda sai ya rantse ɗayan ya mutu. Amsar tana gem na gaba: a cikin wasiƙun nan na Birkin an jero waɗanda suka rage daga S.T.A.R.S., Redfield da Valentine da Burton da Chambers da Vickers, wato Chris da Jill da Barry da Rebecca da Brad. Duka sun fita. A na biyu ma, a tsohon zubi sai ka fara da Claire, jarumar gem ɗin, ba da Leon ba, sannan Sherry ke kamuwa da cutar mahaifinta, kuma Resident Evil 6 na 2012 ya zo ya gina labarinta a kan cewa ta kamu. Duk inda hanya ta rabu, ka leƙa gaba ka ga wadda aka ɗora gini a kanta.

Aikin hannu

Ba kowa ke da na'urar buga duk wasannin nan ba, kuma ba sai kana da ita ba. A YouTube ka rubuta sunan gem da shekararsa, ka ƙara kalmar longplay ko no commentary, za ka sami wanda ya buga daga farko har ƙarshe ba surutu. In takardu kawai kake nema, ka ƙara all files. Saboda data, ka bar hoton a 360 kana kallo, in an buɗe takarda ka tsayar, ka ɗaga zuwa 720, ka ɗauki hoton allon. Ka buɗe wa hotunan jaka tasu a waya, kowace shekara daban, don hoton takarda da ba ka san daga wane zubi ya fito ba bai da amfani bayan mako guda.

Ni littafin makaranta nake amfani da shi, mai layi. Kowane shafi na ja masa gida huɗu: abin da aka ce, inda aka ce, daga bakin wa, a wane zubi. Duk bayanin da na kasa cike masa gida na biyu ba ya shiga rubutuna, komai daɗinsa.

Wiki na da amfani sosai, kada kowa ya raina maka shi, amma mashiga ce, ba masauki ba. Masoya gem ne ke rubuta shi, kuma sukan narkar da takardu goma su zama sakin layi ɗaya mai santsi, har ka kasa gane ina maganar gem ta tsaya, ina hasashen marubuci ya fara. Ka kula da 'yan lambobin da ke ƙarshen jimla. Ka danna. In lambar ta kai ka ga sunan takarda ko littafin Capcom, irin Resident Evil Archives na 2005, sai ka bi ka karanta asalin. In jimla ba ta da lamba, ka ɗauke ta a matsayin ji-ta-ji-ta har sai ka same ta a wani wuri. Kuma shafi biyar da suka kwafi juna shaida ɗaya ce. Yadda za ka gane su mai sauƙi ne, za ka ga kuskuren rubutu iri ɗaya yana yawo a cikinsu duka. In lambar ta kai ka tsohon shafin Capcom da ya mutu, kwafi adireshin ka liƙa a Wayback Machine, sau da yawa akan sami ajiyayyen kwafi.

Kada ka manta da Japananci aka rubuta labarin, sunan gem ɗin ma a can Biohazard ne, kuma Turancin wasannin farko bai fita da kyau ba a wurare da dama. In hujjarka ta rataya a kan jimla ɗaya tak, ka nemi asalinta. Shafin Project Umbrella ya daɗe yana sake fassara takardun, wiki ma yakan ajiye rubutun Japanancin kusa da na Turanci. Google Lens zai iya karanta maka shi. Ya isa ka tabbatar da suna da adadi da kwanan wata, amma kada ka gina doguwar muhawara a kan fassarar na'ura.

Hirar masu ƙirƙira, irin Shinji Mikami da ya jagoranci na 1996 ko Hideki Kamiya da ya jagoranci na 1998, tana nuna maka abin da suka yi niyya. In ka ga an ce "Mikami ya ce", ka nemi mujallar da watan da shekarar. In babu, ka wuce.

Abin da aka buga a takarda ma yana iya zama ƙanzon kurege. A fitowarta ta Afrilu 1998, mujallar EGM2 ta Amurka ta buga cewa ana iya buɗe Akuma na Street Fighter a cikin Resident Evil 2, har da hotuna. Wasan 1 ga Afrilu ne, amma mutane sun ɓata dare da rana suna nema. A gem ɗin nan dai kuma akwai ƙaton awara mai riƙe da wuƙa da ake iya bugawa da shi, Tofu, wanda in aka gaya maka za ka ce shaci-faɗi ne, alhali yana nan. Kamannin gaskiya ba hujja ba ne, ta kowane ɓangare.

Hotuna kuma ka yi hattara da su. Akwai Resident Evil 2 na farko da Capcom ta yi nisa da shi sannan ta watsar ta sake sabo, wanda masoya ke kira 1.5. Jarumarsa Elza Walker ce a maimakon Claire, ofishin 'yan sandansa gini ne na zamani ba gumaka. Wani kwafinsa ya ɓulla a intanet a 2013, hotunansa suna ta yawo. Tarihin yadda aka yi gem ne, abin sha'awa ne a ba da shi da sunansa, amma ba tarihin garin ba ne. Ga kuma kwaskwarimar da masoya ke yi wa gem a kwamfuta, su ƙara unguwanni da takardun da suka rubuta da kansu. Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira su kuma gwanaye ne wajen dama fim da gem da littafi su miƙo maka cikin tsararren zance. In ka tambaye su, ka ce su ba ka sunan takardar da sunan gem ɗin, sannan ka je ka gani da idonka.

Inda aka bari a buɗe

Wasu tambayoyin ba su da amsa don masu labarin ba su bayar ba. A wace jiha Raccoon take? Gem ya tsaya a kan cewa tana yankin tsakiyar yammacin Amurka, kusa da tsaunukan Arklay, waɗanda su ma ƙagaggu ne. Littattafan Perry sun ce Pennsylvania, jihar da ba ta ma cikin wannan yankin. Masoya da yawa sun fi karkata ga Missouri saboda tsaunukanta. Hasashe ne mai ma'ana, amma hasashe ne. Makamin da ya shafe garin ma haka: a 1999 guda ɗaya aka nuna da turnuƙun hayaƙi mai siffar lema, a gem ɗin Resident Evil Outbreak na 2003 an nuna da yawa, kuma har yau ana jayayya ko na nukiliya ne ko wani iri. A irin wannan wuri aikinka shi ne ka jero abin da kowane ɓangare ya nuna, ka faɗi wanda ka fi gamsuwa da shi da dalilinka, ka sa masa sunanka.

Wannan ya kawo mu ga yadda za ka furta. Hausa tana da kayan aikin nan tun fil azal, amfani da su kawai za ka yi. "An nuna" daban, "an rubuta a takardar wane" daban, "wai" daban, "a ganina" daban. Maimakon ka ce ɓeraye ne suka kawo cutar garin ka yi shiru, ka ce: a Resident Evil 2 an nuna sojojin Umbrella sun harbi Birkin sun ƙwace kwalaben gwajinsa, ya bi su cikin magudanar ƙarƙashin ƙasa, kwalaben suka fashe, ɓeraye suka kwasa suka yaɗa. Labarin bai rage daɗi ba, ya ma ƙaru, kuma duk wanda ya yi shakka ka ba shi inda zai je. In wani ya kawo maka gyara da hujja, ka karɓa ka gyara a fili inda masu karatu za su gani.

Ka kuma sa kwanan wata a saman duk abin da ka rubuta ko ka naɗa, don masu garin ba su gama gina shi ba. A Yuni 2025 Capcom ta fitar da tallan Resident Evil Requiem, da sabuwar jaruma Grace Ashcroft, 'yar Alyssa Ashcroft, 'yar jaridar nan ta Outbreak, gem ɗin da mutane da yawa ke tsallakewa suna ganin ba ya cikin lissafi. A tallan an nuna ƙaton ramin da makamin ya bari, an kuma nuna kangon ofishin 'yan sanda yana tsaye da ƙofarsa. Duk wanda ya taɓa gaya wa masu sauraronsa cewa ko bulo ɗaya bai rage a Raccoon ba, yana da shafin da zai koma ya gyara.